Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin NFF Da NPFL Kan Hukunci Da Alƙalanci A Gasar Firimiya Ta Najeriya

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya (NFF), Alhaji Ibrahim Musa Gusau,
da Shugaban Hukumar Gasar Firimiya ta Najeriya (NPFL), Honarabul Gbenga Elegbeleye.

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni mai horar da yara ne a wani filin unguwa cikin birnin Kano, kuma na daɗe ina sayen tikiti da kuɗin aljihuna ina shiga kallon wasannin gasarmu ta gida. Na rubuto ne da yawun 'yan'uwana kociyoyin unguwa, da magoya bayan da ke zuwa fili su yi ihunsu su koma gida ba su ɗaga ko tsakuwa ba, da iyayen da muke bi gida-gida muna roƙo su bar mana 'ya'yansu su buga ƙwallo. Mun yi shawara a tsakaninmu, muka ga maganar majalisa da ta gidan kallo ba ta isa kunnenku, shi ya sa muka zaɓi mu rubuta a fili kowa ya gani.

Ranar Lahadi 12 ga Oktoba 2025, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, Kano Pillars tana gaban Shooting Stars ta Ibadan da ci ɗaya har aka shiga mintunan da aka ƙara, sai baƙi suka farke. Ana tashi wasu suka tsallako cikin fili, suka bi alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi da jifa da duka. Ba a kwana biyu ba hukunci ya fito: tarar Naira miliyan 9.5, cire maki uku da ƙwallaye uku, rufe wa ƙungiyar filinta, da tura ta Katsina ta riƙa karɓar baƙi a can.

Kafin komai, ku sani ba mu zo kare abin da aka yi ba. Wanda ya ɗaga hannu ya doki alƙalin wasa ya zubar mana da mutunci mu duka, kuma yaron da ya taso tun daga Ibadan ya zo Kano neman abincinsa baƙo ne, amana ce a hannunmu. Janar manajan Kano Pillars, Ahmed Musa, ya fito ya ba da haƙuri, kuma mun ji daɗin da ya yi hakan. Laifi an yi shi, hukunci ya wajaba. Kukanmu a kan wanda hukuncin yake faɗawa ne, da kuma waɗanda yake tsallakewa.

Ku duba tarihin ƙungiya ɗaya kawai. A watan Yunin 2019, bayan wasan Pillars da Rangers ta Enugu a filin Agege da ke Legas, an ci tarar ƙungiyar Naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin ɗinta Rabi'u Ali wasa 12. A watan Afrilun 2022 wasanta da Katsina United ya watse kafin lokaci a Kano, aka farfasa motar baƙi, aka ci ta tarar miliyan 9, aka cire mata maki, aka kore ta zuwa Abuja. A ƙarshen waccan kakar, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa ƙaramar gasa. Ga shi a 2025 an sake komawa gidan jiya: tara, cire maki, kora. Sau uku ana maimaita hukunci iri ɗaya cikin shekara shida, sau uku abin yana dawowa. Wannan ya isa ya nuna cewa hukuncin ba ya taɓa hannun da ke jifan.

Tarar daga baitulmalin jiha take fitowa, domin mafi yawan ƙungiyoyin gasar nan gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su. Wato kuɗin talaka ne, har da wanda bai taɓa leƙa filin ƙwallo ba. Makin da aka cire, gumin 'yan wasa ne da suka yi minti 90 suna gudu a rana, da yawansu ma su ne suka tsaya suna kare baƙi daga duka. Korar kuma ta faɗa kan mai gurasa da mai rake da mai ruwan leda da ɗan Adaidaita Sahu, waɗanda ranar wasa ce ranar cinikinsu, da dattijon da ba shi da kuɗin motar zuwa Katsina, tafiyar da ta haura kilomita 150. Shi kuwa wanda ya tsallaka waya da dutse a hannunsa, yana gida ya kwana lafiya. Muna jin adadin tara a rediyo, amma ba kasafai muke jin an ambaci sunan mai jifa a gaban kotu ba, alhali fuskokinsu suna yawo a wayoyin mutane tun daren ranar.

A Turkiyya, cikin Disambar 2023, shugaban ƙungiyar Ankaragucu, Faruk Koca, ya shiga fili ya naushi alƙalin wasa Halil Umut Meler a fuska, shi ma bayan an farke musu ƙwallo a mintin ƙarshe. An hukunta ƙungiyar, amma ba a tsaya nan ba. An kama shi da kansa, an haramta masa harkar ƙwallo har abada, daga baya kotu ta yanke masa ɗaurin shekara uku da wata bakwai. Mai kuɗi ne, mai faɗa-a-ji, tsohon ɗan majalisa, duk bai hana ba. Irin wannan hukuncin ne yake sa na gaba ya mayar da hannunsa aljihu.

Magana ta biyu ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato alƙalancin kansa. Mun san doka ta 5 a dokokin wasa ta ce hukuncin alƙalin wasa a kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe, kuma mun yarda, domin in ba haka ba babu wasan da zai ƙare. Haka muke koya wa yaranmu: in ya busa, ka ja bakinka ka yi shiru ka koma wurinka. Amma bayan an tashi fa? Laifin 'yan kallo ana sanar da shi cikin awanni, da lambar dokar da aka karya da adadin kuɗin kowane laifi. Kuskuren alƙalin wasa, ko da ya juya sakamakon wasa gaba ɗaya, sau da yawa shiru ne ke biyo bayansa. Ba mu musa cewa kwamitin alƙalan wasa kan dakatar da wasu lokaci-lokaci, kuma muna yaba hakan. Sai dai abin da ke iso mu jerin sunaye ne da kalmar "rashin ƙwazo". Wane hukunci ne ya kuskure? A wane minti? Kuskuren ido ne, ko rashin sanin doka, ko wani abu da ya fi haka muni? Idan ba a faɗa ba, jita-jita ce ke cike gurbin, kuma jita-jitar kullum guda ce: an saye shi. Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ana ta bin ɓera da sanda, ba a waiwayi daddawar ba.

Yaranmu suna kallon ƙwallon Ingila kowane mako a gidajen kallo, sun san yadda ake yi a wani wuri. Ranar 30 ga Satumba 2023 aka soke wa Liverpool lafiyayyar ƙwallon da Luis Diaz ya ci a gidan Tottenham, aka ce satar gida ce. A daren nan hukumar alƙalan wasansu ta fito ta ce kuskure ne babba. Bayan 'yan kwanaki ta saki muryoyin jami'an VAR, wato na'urar da ake sake duba hoton wasa da ita don taimaka wa alƙali, duniya ta ji yadda suka ruɗe, kuma aka cire su daga wasannin da aka riga aka ba su. Ba a sake wasan ba, Liverpool ba ta samu makinta ba, amma magoya bayanta sun san abin da ya faru da wanda ya jawo shi. A nan nahiyarmu ma akwai misalin da ya fi wannan tsanani. A watan Nuwambar 2016 alƙalin wasa ɗan Ghana, Joseph Lamptey, ya ba Afirka ta Kudu fenariti a kan Senegal wai Kalidou Koulibaly ya taɓa da hannu, alhali a ƙafa ƙwallon ta same shi. FIFA ta yi bincike, ta haramta masa alƙalanci har abada, ta sa aka sake wasan bayan shekara guda, Senegal ta ci 2-0. Wanda ya yi kuskure an ce kuskure ne, wanda ya ci amana an ce cin amana ne. Rarrabewar nan ita muke nema a gida.

Kuma adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Alƙalin wasa a gasarmu yana cikin waɗanda aka fi zalunta. Yakan yi doguwar tafiya a mota, ya kwana a garin masu masaukin baƙi, ya shiga fili ya ga dubban mutane da 'yan sanda ƙalilan da mafi yawansu idonsu na kan wasan. Ya san ƙofar da zai bi ya fita, ya san wanda ke tsaye a bakinta. An yi shekaru a baya alƙalan wasa suna bin bashin alawus ɗinsu. Mutumin da ke cikin wannan hali ne ake so ya ba baƙi fenariti a minti na 90. Wasu suna yi, Allah Ya saka musu. Wasu suna kau da kai don su koma wa iyalinsu da ƙafafunsu.

Daga nan ne ciwon ya samo tushe. Da aka daɗe ana kau da kai, sai ya zama kowa ya ɗauka cewa cin wasa a gida haƙƙi ne. Ƙungiya ta je waje a danne ta, ta haɗiye, ta ce a bari su zo gidanmu mu rama. Ranar da aka samu alƙali mai gaskiya ya bar wasa ya tafi yadda yake, aka tashi kunnen doki, sai mai goyon baya ya ji kamar an yi masa fashi, domin a lissafinsa an karɓe masa a waje kuma an hana shi ramawa a gida. Ba a Kano kaɗai ake wannan lissafi ba, ana yin sa a kudu da arewa. Muddin ba a gyara abin da ke faruwa da baƙo a kowane fili ba, rufe fili ɗaya ba zai sauya tunanin da ke cikin kan mutane ba.

Sai batun ƙeta tsakanin 'yan wasa, wanda ya fi shafarmu mu masu rainon yara. Doka ta 12 ta raba ƙeta gida uku: ta sakaci, wadda bugun tazara ya wadatar, ta ganganci, wadda ke jawo katin gargaɗi, da ta ƙarfin da ya wuce kima har ya jefa lafiyar abokin wasa cikin haɗari, wadda hukuncinta jan kati ne babu ja. A rubuce abin a sarari yake. A fili kuwa sau nawa muke ganin an shigo wa yaro da ƙafa biyu daga baya, alƙali ya ɗaga hannu ya ce a ci gaba?

Akwai wani yaro da ya taso a hannuna, ɗan gaba ne mai gudu, mahaifinsa bai so ya yi ƙwallo ba sai da muka yi ta zarya. Ya samu shiga wata ƙungiya a ƙaramar gasa. A wani wasa da suka je waje, ɗan baya ya tare shi da tafin takalmi a ƙauri, ƙwallo ta riga ta wuce. Kashi ya karye. Katin gargaɗi aka bayar, wanda ya yi ƙetar ya gama wasansa, mako na gaba ma ya buga. Shi yaron 'yan'uwa ne suka haɗa kuɗin ɗori, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Da na je duba shi, mahaifinsa ya ce mini, "Malam, ai ka ce akwai doka." Tun daga ranar, duk uban da na je roƙo a unguwar sai ya ambata mini wannan yaro.

Abin da ya kamata a ce an yi sananne ne. A Ingila a 2006, Ben Thatcher na Manchester City ya yi wa Pedro Mendes na Portsmouth gula a fuska har ya suma, alƙali ya ba shi katin gargaɗi kawai. Hukumar ƙwallon ƙasar ta koma ta kalli hoton, ta dakatar da shi wasa takwas. Kundin ladabtarwa na FIFA ya sa aƙalla wasa biyu ga mummunar ƙeta, aƙalla uku ga duka ko gula, aƙalla 15 ga wanda ya kai wa jami'in wasa hannu. Ba mu ce a rage na ƙarshen ba ko da wasa ɗaya. Muna cewa ƙafar ɗan wasa ma tana da haƙƙi, kuma yanzu da ake ɗaukar wasannin gasar a kyamara, babu hujjar a ce abin da alƙali bai gani ba ya wuce ke nan.

Akwai kuma rashin sanin mizanin. Wata guda bai cika ba bayan abin da ya faru a Kano, a filin Muhammadu Dikko na Katsina, filin da aka tura Pillars domin a samu kwanciyar hankali, aka ji wa ɗan wasan Barau FC, Nana Abraham, rauni a wuya ana cikin wasa da Katsina United. Aka ci tarar Katsina United miliyan 9, aka tura ta Jos. Ba ma neman a ƙara wa kowa azaba, Katsinawa 'yan'uwanmu ne kuma halin da muke ciki suke ciki. Tambayarmu ita ce: wane laifi ne ke jawo cire maki, wanne ne ba ya jawowa? Me ke sa kora ta zama ta wasa uku, ko goma, ko ta sauran kaka? Ana la'akari da laifin baya, kuma har na shekara nawa? Idan amsar tana cikin littafin dokokinku, mai kallo bai gan ta a aikace da bayanin da zai gamsar da shi ba. Ƙari a kan haka, hukumar da ta tuhumi ƙungiya ita ce ke yanke hukuncin farko, ta ba ta awa 48 ta amince ko ta nemi a saurare ta. Kwana biyu ba sa isar ƙungiya ta tattara hoto da shaidu.

Mu 'yan Najeriya mun san ɗacin irin wannan a waje. A 2017 mun sa Shehu Abdullahi a wasanmu da Aljeriya alhali yana da katin gargaɗi biyu, cikin 'yan makonni FIFA ta ƙwace sakamakon ta ba Aljeriya 3-0, kuma muka karɓa domin doka ce. A watan Maris na 2025 Afirka ta Kudu ta yi laifi irin wannan da Teboho Mokoena a wasanta da Lesotho, sai da aka yi wata shida kafin hukunci ya fito, ƙasar nan kaf tana tambaya ko dokar ta san fuska ne. A Nuwambar 2025 Cristiano Ronaldo ya karɓi jan kati a kan gula a wasan Portugal da Ireland, aka yanke masa wasa uku amma aka jingine biyu, ya zamana ba zai rasa wasan farko na gasar cin kofin duniya ba. Har magoya bayansa a gidajen kallonmu sun san da wani ƙaramin ɗan wasa ne da wuya ya samu wannan rangwame. Abin da muke ƙorafi a kai idan FIFA ta yi, bai kamata mu tarar da shi a gidanmu ba.

Sakamakon duk wannan ya riga ya fito fili. Da aka fitar da sunayen alƙalan gasar cin kofin Afirka ta 2023 a Ivory Coast, babu ɗan Najeriya ko ɗaya. Maroko da Masar sun yi shekaru suna amfani da VAR a gasarsu ta cikin gida, mu har yanzu alkawari muke ji.

Don haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku wallafa jadawalin hukunci guda ɗaya, da Turanci da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, wanda zai nuna kowane laifi da abin da ke biyo bayansa, a manna shi a ƙofar kowane fili kafin a fara kaka. Duk hukuncin da ya fito, ya zo da dalilinsa a rubuce, da bayanin abin da ya bambanta shi da na baya.

Ku sa hukunci ya bi mai laifi da sunansa. A wajabta kyamarori a ƙofofi da wuraren zama, a haɗa kai da 'yan sanda a kai masu jifa da duka kotu, a hana su shiga kowane fili a ƙasar nan, ko ɗan kallo ne ko jami'in ƙungiya ko na kusa da gwamnati. Korar ƙungiya daga garinta ta zama matakin ƙarshe, kuma a faɗi ranar ƙarewarta da sharuɗɗan dawowa tun ranar farko.

Ku kafa kwamiti mai zaman kansa na tsofaffin alƙalan wasa da tsofaffin 'yan wasa, wanda zai zauna kowane mako ya kalli hotunan wasanni. Ya faɗa wa jama'a inda alƙali ya yi daidai duk da ihun da aka yi masa, domin wannan ma kariya ce gare shi, ya kuma faɗi inda ya kuskure. A ba wannan kwamiti ikon dakatar da ɗan wasan da ya yi mummunar ƙeta ko da alƙali bai gani ba, kuma a saukar da tsarin har zuwa ƙananan gasanni inda yaranmu suke farawa. A wajabta wa ƙungiyoyi inshorar da za ta ɗauki nauyin ɗan wasan da aka karya.

Ku raba alƙalin wasa da hannun masu masaukin baƙi gaba ɗaya: masaukinsa da motarsa da tsaronsa su zama a wuyan hukuma, kuɗinsa ya shiga kafin ya busa usur. Wanda aka tabbatar ya karɓi na goro kuma, a bayyana sunansa da na wanda ya ba shi, a hukunta su tare.

Ku tsawaita wa'adin ɗaukaka ƙara, ku sa masu sauraronta su zama dabam da waɗanda suka yi tuhuma, a yanke cikin lokacin da aka ƙayyade kafin teburin gasa ya yi nisa. Sannan ku faɗa mana kakar da za a fara VAR, ko da a filaye kaɗan ne, da yawan alƙalan da za a horar.

A namu ɓangaren, mu kociyoyin unguwa da dattawan magoya baya a shirye muke mu zauna da wakilanku a Kano duk ranar da kuka sa, mu taimaka wurin tsara masu kula da ƙofofi, mu kuma yi wa matasanmu magana a unguwanni kafin kowane wasa. Muna jiran amsarku a fili, kamar yadda muka rubuto a fili.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai horar da yara a Kano, a madadin 'yan'uwansa kociyoyin unguwa da magoya bayan gasar gida.